Man kare rana ya tayar wa 'yata da ikzima, yanzu gida ya rabu uku

Assalamu alaikum Anti. Ni mazauniyar Jidda ce, 'ya'yana uku. Autata shekararta 4, tun tana wata biyar take fama da ciwon fatar nan da likita ya kira ikzima, wanda a nan ake ce wa hasasiyya. Yana tasowa a lanƙwasar hannu, da bayan gwiwa, da wuya, da kumatu. Idan ya lafa sai ya bar mata fararen tabo a fuska. Likitan fata ya rubuta mana wani man shafawa mai suna tacrolimus, ya ce a kiyaye ta daga rana, a kuma nema mata waƙi shams, wato man kare rana. Na shiga saidaliyya, wato kantin magani, na ɗauko wanda aka zana yara a jikinsa, mai ƙamshi mai daɗi. Ranar Juma'a da za mu je bakin teku a Abhur na shafa mata, ko mota ba mu shiga ba ta fara tsala ihu tana cewa "Mama wuta, wuta". Daren ranar ta soshe fuskarta har jini ya ɓata matashi.

Tun daga nan Abbansu ya ce kar ya sake ganin man nan a gidansa. Wai baƙar fata ba ta buƙatarsa, iyayenmu a rana suka yi noma ba abin da ya same su, ɓarnar riyal ce kawai. Hajiya mahaifiyarsa, wadda muke zaune tare, ta ce kyasbi ne, man kaɗe da man zaitun sun isa, har ta aika a taho mata da wani man tub daga Kano wanda ta ce kwana uku yake share tabo. Ga shi yarinyar ta shiga rauda, makarantar ƙananan yara, ana fitar da su wasa da hantsi. Ni kuma na kasa yafe wa kaina, da hannuna na shafa mata. In bi likita ko in bi gida? Idan kuma zan sake saye, wanne zan ɗauka?

Maman yara uku, Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba yarinya lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya. Zan fara da abin da kika rufe wasiƙarki da shi, domin na san shi ke hana ki barci fiye da susar yarinyar. Likita ya ce ki sayi abu, kika tashi kika je kika saya, kika zaɓi wanda aka rubuta na yara ne. Ina laifin uwa a nan? Abin da ba a gaya miki ba shi ne hoton yaro a jikin kwalba ba ya nufin komai ga fatar da ke da ikzima. Ni ma na ga irin wannan dare a kan jikana, uwarsa tana kuka yana kuka, ina riƙe da hannayensa biyu don kar ya kai farce fuska. Yau ya girma, ko tunawa ba ya yi. Taki ma za ta manta kafin ke ki manta.

Ga abin da ya faru ranar. Lafiyayyar fata kamar ginin da aka yi wa yaɓe mai kyau take, ruwan ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga. Fatar mai ikzima yaɓenta a tsattsage yake, ko a inda ido bai ga komai ba. Duk abin da aka ɗora a kai sai ya zurara ta tsagar ya taɓo jijiyoyin da ke ƙasa. Man da kika saya mai ƙamshi ne, kenan akwai turare a ciki, kuma turare yana sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar da irin wannan fata. Ƙila kuma akwai sinadaran da ke shanye hasken rana, waɗanda sun saba yi wa fata mai rauni raɗaɗi. Tacrolimus ɗin kansa yakan sa zafi-zafi a kwanakin farko da aka fara shi. Ki haɗa waɗannan a kan kumatun da dama bai gama warkewa ba, ga gumin Jidda, ai dole ta ce wuta. Raɗaɗin da ya zo nan take yawanci alama ce ta fata a buɗe take. Wanda jiki ya ƙi sinadarin gaba ɗaya shi kuma yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje da ƙaiƙayi su fito. Likita ne zai raba miki biyun, saboda haka kar ki jefar da kwalbar nan. Ki ɗauki hoton bayanta da wayarki, inda aka jera kayan haɗin, ki nuna masa a zuwanku na gaba.

Kafin a yi maganar sayen wani, sai fatar ta kwanta tukuna. Babu man kare rana a duniya da za a shafa a kan inda aka soshe, ko inda ke tsatstsafar da ruwa, yaro bai yi kuka ba. Wannan mako da mai zuwa aikinki uku ne kawai: maganin likita yadda ya tsara, man laushin fata marar ƙamshi sau biyu ko uku a yini, da wanka gajere da ruwan ɗumi-ɗumi. Ki ajiye soso. Na san yadda muka taso, idan ba a dirje yaro da soso da sabulu ba sai mu ga kamar bai yi wanka ba, amma a fatar 'yarki soso kankare yaɓen yake yi. Haka maganin kashe ƙwayoyin cuta da muke ɗigawa a bokitin wanka, a daina mata. Idan ta fito ki dangwale ruwan da tawul, kar ki goge, ki shafa man tun jiki da danshi. Ki yanke mata farce. Mukayyif kuma, na'urar sanyaya ɗaki, aboki ne mai fuska biyu, yana hana gumi amma yana busar da iskar ɗaki, don haka man dare ya fi na rana kauri.

Yanzu maigida. Ba zan ce miki bai san abin da yake faɗa ba, domin rabin maganarsa gaskiya ce, kuma idan kika fara da amsa masa wannan rabin zai fi saurin sauraron ragowar. Baƙar fata tana ɗauke da kariyar da Allah Ya halitta mata, masu bincike sun taɓa kiyasta ƙarfinta da kusan lamba 13 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin waɗannan mayuka. Sankarar fata da rana ke haddasawa ta yi ƙaranci ƙwarai a cikinmu idan aka kwatanta da Turawa. Har ma wasu masu ikzima sukan sami sauƙi da 'yar rana kaɗan, shi ya sa asibitoci ke da wani ɗaki na musamman da ake haska wa masu ciwon irin wannan haske da awo. Abin da ya fi tayar da ita a garinku sau da yawa gumi ne da zafi da ɗanshin teku.

Inda bai hango ba shi ne 'yarsa ba ta cikin halin manoman da yake misali da su. Fararen tabon da ke kumatunta wurare ne da launin ya ragu bayan kumburi, kariyar da yake magana a kai ta yi ƙasa daidai nan. Idan rana ta buge ta, sauran fuskar ya ƙara duhu, tabon ya ƙi bi, sai ya ƙara fitowa ɓaro-ɓaro. Inda kuma ciwon ya bar baƙin tabo, rana tana ƙara dafa shi, abin da zai goge a wata uku sai ya kai shekara. Ga takardar da ke cikin kwalin tacrolimus, ita da kanta ta ce a rage shiga rana muddin ana shafa shi. Sannan ranar ƙasar nan ba wasa ba ce. Ki buɗe manhajar yanayi a wayarki da azahar ki duba ma'aunin hasken da ke ƙona fata: daga 3 ake cewa a fara kariya, a Jidda da Makka lokacin zafi yakan kai 11 ko ya wuce, wato ƙarshen ma'auni. Gwamnati ma tana hana a sa leburori aiki a fili daga 12 na rana zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Idan an tausaya wa ƙato mai haƙa rami, yarinya 'yar shekara 4 ta fi cancanta. Manoman nan kuwa, Allah Ya jiƙan magabata, da malafa suke fita, rana na take tsaka su nemi gindin bishiya.

To wanne za ki ɗauka? Mayukan nan gida biyu ne. Akwai masu sinadaran da ke narkewa cikin mai su ratsa saman fata, akwai kuma na ma'adini, waɗanda garin farin ma'adini ne mai laushi da ke zama a kan fata bai cika shiga ba. Na biyun nan shi ne naki. Kin ma san ɗayansu, domin zinc oxide shi ne farin nan da ke cikin man da kika sha shafa mata lokacin tana sa kunzugu. Abin da ake ɗorawa a kan fatar jaririn da ta saɓe, da wuya ya yi wa kumatu raɗaɗi. Ɗan'uwansa shi ne titanium dioxide. Sai dai kar ki ce to bari in shafa man kunzugun kawai, ba a auna shi don rana ba, wasu ma akwai turare a ciki.

Idan kin shiga saidaliyya ki ce wa mai kanti kina son waƙi shams fiziya'i, ko ma'adani, khali minal uɗur, wato na ma'adini marar turare. Duk abin da ya miƙo miki, kar ki tsaya a gaban kwalba, gaba talla ce. Ki juya baya, ki matsa kusa da fitila, domin rubutun ƙanana ne kamar an yi don kar a karanta. Ki nemi zinc oxide, ko shi da titanium dioxide, su kaɗai a matsayin masu tare rana. Idan kika ga oxybenzone, wanda ake kuma rubutawa benzophenone-3, ko octocrylene, ki mayar kan kanta. Na farkon ma ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin abubuwan da fata ke ƙi ta ayyana danginsa a matsayin abin kiyayewa na shekarar 2014. Wasu kamfanonin sukan rubuta ma'adini da manyan baƙaƙe a gaba, a baya kuma sun gauraya shi da waɗancan, shi ya sa nake nanata juyawar. Sai ki bi sauran jerin da yatsa. Parfum ko fragrance, a'a. Alcohol denat a farkon jeri, a'a, yana busarwa yana kuma raɗaɗi. Man lavender, na lemo, na na'ana'a da makamantansu da ake tallatawa da sunan na ganye ne, su ma turare ne a wajen wannan fata. Amma idan kika ga cetyl alcohol ko cetearyl alcohol kar gabanki ya faɗi, wani irin kaki ne mai laushi, ba ruwansa da busarwa, ba kuma ruwansa da giya. Na faɗi wannan ne don na taɓa ganin wata baiwar Allah ta yar da kwalba sabuwa fil a kan wannan kalma.

Lambar da ke gaba, SPF, wato ƙarfin kariyarsa, ta kasance 30 ko 50. Mai 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, mai 50 kusan 98, kin ga tazarar ba ta kai a ƙara kuɗi mai yawa a kanta ba. Ki tabbata an rubuta yana tare UVA da UVB duka biyu, wato nau'o'in hasken rana biyu masu illa ga fata, kuma yana jure ruwa, saboda gumi. Mai kauri ko mai ruwa-ruwa na shafawa za ki saya. Na fesawa ki bar shi, yaro yana shaƙarsa, yawancinsu kuma da sinadarin busarwa ake haɗa su. Akwai wani kamar sandar man leɓe, yana da amfani a goshi da gefen ido domin bai cika gangarowa da gumi ya shiga ido ba. Ki saya a saidaliyyar da aka sani, wadda kayanta ke ƙarƙashin idon Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar nan, ban da masu talla a waya da masu shimfiɗa a bakin titi inda kaya ke wuni a rana. Kuma ki fara da ƙaramar kwalba, don idan bai karɓe ta ba asarar ta zo da sauƙi, maigida bai sami abin kafa hujja karo na biyu ba.

Zan gaya miki aibinsa tun kafin Hajiya ta gaya miki. Na ma'adini yana barin fari a baƙar fata. Ranar farko za ki ga yarinya kamar ta yi birgima a toka, yayyenta za su yi dariya. Dabarar ita ce a shafa kaɗan-kaɗan hawa biyu: ki ɗiga ɗigo-ɗigo a goshi, kumatu, hanci da haɓa, ki shimfiɗa a hankali kina bin kwanciyar gashi ba tare da murzawa ba, ki jira mintuna kaɗan, ki ƙara na biyu. Akwai kuma masu launin ƙasa-ƙasa waɗanda aka saka wa iron oxides, sun fi dacewa da fatarmu, sai dai samun mai duhun da ya dace yana da wuya, kuma suna ɓata wuyan riga. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne rage yawansa har ya ɓace don gudun fari, domin lambar nan 30 ba ta tabbata sai an shafa da ɗan kauri. Fuska da wuya da kunnuwa na yarinya kamarta za su ci kusan rabin ƙaramin cokalin shayi. Ɗan farin da ya rage, ai 'yar rauda ce, ba zance za ta ba.

Kar ki kai shi fuska ranar da kika saya. Ki zaɓi wuri mai lafiya a cikin damtsenta, faɗin kwabo, ki shafa sau ɗaya kowace rana har kwana biyar. Ki lura da kyau, domin a baƙar fata kumburi bai cika yin ja ba, yakan yi duhu-duhu, ko toka-toka, ko wurin ya yi kaushi da ƙananan ƙuraje. Idan kwana biyar suka cika lafiya, ki gwada gefen wuya kwana ɗaya, sannan fuska. Ki bar ta ta shafa miki a naki hannun tukuna, ta ga ba ki yi kuka ba. Yaron da mai ya taɓa ƙonawa, ganin kwalba ma gudu yake yi, sai da lallashi.

Tsarin safiya shi ne mai ɗan wahala, don yana son tazara. Da kin tashe ta ki wanke mata fuska ki shafa man laushin fata, amma na safe ya zama marar nauyi, domin mai maiƙo sosai a zafi yana toshe gumi ya kawo ƙurajen zafi. Ta karya kumallo, ta sa kaya, kamar rabin awa kenan, sai man rana ya biyo, kusan minti 15 kafin fita. Idan kika ɗora shi a kan man da bai shige ba, tsinkewa yake yi ya zame. Tacrolimus kuma takardarsa ta ce a bar awa biyu tsakaninsa da man laushi a wuri ɗaya, wanda safiyar mai 'ya'ya uku ba ta da wannan sararin. Ki faɗa wa likita haka kai tsaye, ki tambaye shi yadda za a jera su ko a mayar da shi dare. Da ta dawo gida a wanke man ranar, domin na ma'adini idan ya kwana yana busar da fata. Ki narkar da shi da man laushin nata ki ɗauraye da ruwan ɗumi, ya fi sabulu sauƙi.

Duk da wannan dogon bayani, ni a wajena man nan shi ne na ƙarshe a layi. Inuwa da tufafi sun fi shi aiki, kuma ba su taɓa yi wa kowa raɗaɗi ba. Riga mai dogon hannu ta auduga, sakakkiya, mai haske, da wando mai faɗi, sun rufe lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, wuraren da ciwon ya fi so. Yadin roba ki raba ta da shi. Hula mai faɗin baki tana rufe kumatu da kunne da ƙeya. Idan kin yi haka, abin da ya rage wa mai shi ne fuska, wuya da bayan hannu, kwalba ɗaya sai ta fi daɗe miki, ga amsar maganar riyal. Ki je raudar da kanki, kar ki aika. Ki tafi da takardar likita, ki roƙi malamarsu ta ajiye ta ɓangaren rumfa lokacin wasa, ta tabbata hular na kanta, idan ta yi gumi a dangwale mata da tsumma mai ɗanshi. Wasan minti ashirin ko talatin da hantsi, shafawar safe ta wadatar. Kar ki nemi a bar ta ita kaɗai a aji, wannan wani ciwon ne daban.

Abhur ma kar a fasa. A canza lokaci ne kawai, a tafi bayan la'asar, lokacin da inuwar mutum ta fi shi tsawo. Ki koya mata wannan ma, yara suna son sa: idan inuwarki ta gajarce, a gudu rumfa. Ruwan Bahar Maliya gishirinsa da yawa, idan akwai inda ya tsage zai yi mata zafi, ranar sai a tsaya wasan yashi. Idan fatar a kwance take ta shiga abinta, amma ki riƙe gorar ruwan daɗi biyu a mota, tana fitowa ki ɗauraye ta, ki dangwale, ki shafa mai. Haka idan dangi sun kama istiraha, gidan shaƙatawa na haya, mai wurin ninkaya, maganin da ake zuba wa ruwan yana busar da fata. Idan kun daɗe a fili da rana, ana sabunta man kowace awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. Kwalbar kuma kar ta zauna a aljihun mota, zafin motar da aka ajiye a Jidda yana lalata ta.

Sai Hajiya, wadda sai an bi da ita a hankali domin ƙauna ce ke sa ta magana, kuma kuna kwana gida ɗaya. Man kaɗe ki karɓa da hannu biyu. Mai kyau, marar gauraye, yana laushi ƙwarai, ki gwada shi a damtse kamar yadda na ce, idan ya karɓe ta ki miƙa wa Hajiya aikin shafawar dare a ƙafafu da baya. Kaka da aka ba aiki ta fi kaka da aka ba haƙuri daɗin zama. Abin da ba ya yi shi ne tare rana. Man zaitun kuwa, da duk albarkarsa, ki bar shi a abinci: wani bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila da aka wallafa a 2013 ya nuna shafa shi kullum yana raunana yaɓen fata, ko a manya. Akwai kuma abin da na san zai yi wuyar faɗa a gidan Bahaushe: turaren wuta. Kar a turara kayan yarinyar, kar a shafa mata humra ko a wuya ne, ranar Sallah kuma ban da baƙin lalle, sinadarin da ke sa shi baƙi yana iya tayar da fata mummunan tashi.

Man tub ɗin Kano shi ne inda ba zan sassauta ba. Kyasbi wani abu ne daban, ƙwayar naman gwari ce ke kawo shi, a gida ne muka haɗe sunayen muka riƙa kiran kowane farin tabo da suna ɗaya. Mayukan da ke share tabo a kwana uku galibi akwai sinadarin steroid mai ƙarfi a ciki, irin su clobetasol ko betamethasone, waɗanda ake zubawa har a man bilicin. Ranar farko sai ki ga kamar an yi sihiri. A fuskar yarinya ƙarama kuwa suna sirantar da fata, su ƙara mata fari, ana dainawa ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Kar ki yi musu da ita a kan wannan, ba bakinki ne ya dace ya faɗa ba. Idan saƙon ya iso ki ce, "Hajiya, mu tafi da shi wajen likita ya duba mana, kar ya yi karo da wanda take shafawa." Ki tafi da ita asibitin, ta ji da kunnenta. Idan ɗanta ne ya ɗauke ku a mota, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Wata tambaya da na san maigida zai iya kawowa ita ce bitamin D, kuma tana da tushe, domin ƙarancinsa ya yi yawa a ƙasar nan duk da wannan rana, saboda rayuwar ta koma daga ɗaki zuwa mota. Mai a fuska da bayan hannu ba shi zai hana ta samu ba. Ki bar ta ta yi wasa a tsakar gida da sassafe ko da yamma, sannan ki tambayi likita ko tana buƙatar awon jini ko ɗigon bitamin.

Akwai alamun da ba a jiran ranar ganin likita a kansu. Idan wurin da ta soshe ya fara ɓawo mai launin zuma, ko mugunya, ko ya kumbura ya yi zafi, ƙwayar cuta ta shiga. Idan kika ga ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya sun taru wuri guda suna fashewa suna barin rami-rami, musamman kusa da ido ko tare da zazzaɓi, a ranar za ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Layin Ma'aikatar Lafiya, 937, yana amsawa dare da rana idan kin rasa wanda za ki tambaya.

Maganar "kar in sake ganinsa a gidana", ni abin da na ji a ciki uba ne da ya ga jini a matashin 'yarsa ya tsorata. Kar ki saya a ɓoye, ranar da ya gani maganar za ta tashi daga fata ta koma raini. Ki bari dare ya yi, yara sun kwanta, Hajiya ta shiga ɗaki. Ki ce masa, "Abban yara, ka yi gaskiya, wancan man bai dace da ita ba, ni ma ba zan sake kusantar da shi jikinta ba." Ki ɗauko takardar cikin kwalin maganin ki nuna masa layin da ya yi maganar rana. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ku je saidaliyya tare, shi ya juya kwalbar ya karanta, a gwada a damtse kwana biyar yana gani, idan wurin ya tashi a bar maganar a koma wa likita, a riƙe hula da dogon hannu kafin nan. Ki ƙara masa da cewa tun da marar turare ne, shi da yayyenta maza za su iya shafawa a kafaɗa ranar da suka ɗaura harami za su Umra. Ki rubuto mini bayan kwana biyar ɗin in ji yadda damtsen ya yi, ki kuma gaishe mini da Hajiya.